Hoton da Aka Yanke a Gidan Makoki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jam'iyyarmu na Jihar Adamawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, ranka ya daɗe, ni ne Malam Sali Hammanjoda, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga mazaɓar Muchalla a Mubi ta Arewa. Mutanen mazaɓata sun zaɓe ni daliget domin in kaɗa ƙuri'a a babban taron fid da ɗan takarar shugaban ƙasa. Yanzu an dakatar da ni, an ɗora wani a kujerata. Na je ofishinmu na ƙaramar hukuma, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce mai mabuɗi ya tafi Yola. Shi ya sa na rubuto maka a bainar jama'a.

Na farko, ka san yadda takarar nan ta raba mu. Akwai waɗanda ake kira 'yan Sai-Namu, masu cewa in ba ɗan takararsu aka tsayar ba gara jam'iyya ta watse. Akwai mu da suke wa laƙabi da 'yan Sulhu, saboda mun ce duk wanda ya yi nasara mu bi shi. Abin dariya, ni da su mutum ɗaya muke goyon baya. Bambancin kawai, ni ina gaisawa da 'yan ɗaya ɓangaren, kuma a Mubi yanzu gaisuwa ta zama laifi.

Na biyu, laifin da aka ce na yi. Maƙwabcina Baba Yohanna ya rasu. Ɗansa Markus shi ne jagoran yaƙin neman zaɓe na ɗaya ɗan takarar a yankinmu. Shekarar da 'yan ta'adda suka shigo muka gudu daga gari muka hau dutse, Baba Yohanna ne ya riga mu isa, ya ba matata da 'ya'yana bukkarsa, shi ya koma kwana a gindin rumbu. A Muchalla in an yi rashi ba a tambayar masallaci ko coci. Maƙwabta ke haƙa kabari, su kai hatsi, su zauna a tabarma da masu makoki. Haka muka tarar iyayenmu suna yi. Na ɗauki diga na haƙa, na kai dawa, na zauna kusa da Markus na riƙe hannunsa. A nan wani ya ɗauke mu hoto, ya watsa a guruf ɗin jam'iyya na waya, da rubutu a ƙasa cewa Sali ya sayar da ƙuri'arsa.

Na uku, kuma nan ne raina bai kwanta ba. Ranka ya daɗe, ka buɗe hoton ka duba gefen damana. Za ka ga hannun babbar riga ruwan toka, da agogo, amma babu fuska. An yanke hoton. Mai wannan hannu shi ne Alhaji Buba, sakataren jam'iyyarmu na ƙaramar hukuma, babba a cikin 'yan Sai-Namu. Tare muka zauna, kwano ɗaya muka ci. Da bakinsa ya raɗa mini, "Mutuwa ba shi da fati, Malam," wato mutuwa ba ruwanta da jam'iyya. Shi ne kuma ya sa hannu a dakatar da ni bisa zargin zagon ƙasa. To in zama a tabarmar nan cin amana ne, me ya sa aka hukunta rabin tabarma aka bar rabi? Wa ya ɗauki hoton, kuma wa ya ce masa ya tsaya daidai inda zai same ni ba tare da fuskar Alhaji ba? Ban rantse cewa an shirya ba, amma wayar da ta san inda za ta yanke ba a hannun baƙo take ba.

Na huɗu, zaman da aka yanke mini hukunci ba a ofishin mazaɓa aka yi shi ba. An kai shi wani gida a Sabon Layi, ranar kasuwa, lokacin da kowa ya san ina kan buhuna. Ba a kira ni ba. Wanda aka ba kujerata kuwa surukin Alhaji Buba ne, mutumin da ko mayo, wato rafin da ake tsallakawa a shiga ƙauyenmu, bai san sunansa ba. Dattijai biyu masu ra'ayi irin nawa a Betso sun ce su ma an fara bin su da waya ana ɗaukarsu hoto a wurin suna da biki. Ina zargin so ake a tsince mu ɗaya bayan ɗaya kafin ranar taro, ta yadda ba za a sami mai cewa a yi haƙuri ba in sakamako ya zo ba yadda ake so ba.

Saboda haka ina roƙonka ka sa a fito da cikakken hoton, a sake zama a Muchalla a gaban waɗanda suka zaɓe ni, a bar ni in yi magana, a mayar mini da kujerata kafin a tafi taron. In kuma doka ce ta hana ɗan jam'iyya zuwa ta'aziyya, a faɗa mana a fili, ta hau kan kowa.

Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Matar marigayin, Mama Saratu, ta dawo mini da ƙwaryar da na kai dawa. Ta tsaya a ƙofar gida ba ta shigo ba, ita da ta yi wa 'ya'yana wanka a kan dutse. Ta ce ta ji an kore ni saboda su, ta tambaye ni ko in an yi rashi a gidana su zauna a gida, don kada su ƙara ja mini. Na ce mata na kai maganar gaban shugaba, kuma tana jira.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka daga masu kawo maka rabin hoto, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malam Sali Hammanjoda,
Muchalla, Mubi ta Arewa.