Macijin Robar da Ya Sare Ni

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar tasa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan kowa lafiya lau. Maman yara ta rabu da murar da ta addabe ta, ƙaramarmu ta fara tafiya har tana janyo kwanuka daga kan kantar jere, kasuwa kuwa sai godiya.

Saƙonki ya iso, cewa an gaya miki maciji ya sari Auta a daji, don haka in haɗa mata kayanta ta koma gida, karatun ya isa haka. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Yaya, wanda ya kawo miki labarin ya tauye miki mudu. An yi sara kam, amma hannun ƙaninki aka sara. 'Yarki ko ƙwarzane babu a jikinta.

Bari in faro miki daga tushe. Akwai wani wasa da suke yi ita da ƙungiyarsu ranar hutu. Wani zai ɓoye ɗan gwangwani a daji, a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, ya sa 'yar takarda a ciki, sannan ya ɗora alamar wurin a waya. Saura su bi wayar har su gano shi, su rubuta sunansu a takardar, su mayar da shi daidai inda yake. Da ta fara yi mini bayani, na tambaye ta me ake samu, ta ce daɗin nema. Na ce ni a kasuwa ban taɓa jin hajar da ake kira daɗin nema ba. Tunda amanarta tana wuyana, sai na ce zan bi su in gani da idona.

Mu uku muka tafi a motar shugabansu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin awon filaye, suna ce masa Baba Mai-taswira. Wayar ta kai mu gindin wasu duwatsu bayan wani busasshen rafi. Wanda ya ɓoye gwangwanin ya rubuta ƙarara a wayar cewa ya ɗora macijin roba a kansa don tsokana, kada kowa ya firgita. Muka leƙa wata tsaga, sai ga murfin gwangwani, ga kuma maciji a naɗe a kai, ruwan ƙasa mai zane-zane. Auta ta ɗauki hotonsa, don su komai sai sun ɗauka, ta ce dokarsu sanda kafin hannu, in dakata ta samo sanda. Ni kuwa shekara ashirin ina sayar da kayan roba, irin macizan nan kwali-kwali nake sauke su. Na ce mata ta bar wa masu sana'a sana'arsu. Har yabon kamfanin na yi, na ce fentinsu ya yi kyau bana. Na zura hannu.

Yaya, roba ta motsa. Ya kai mini sara a bayan hannu, ya ja da baya yana goga jikinsa yana wata ƙara kamar ruwa a kan garwashi, sannan ya sulale cikin dutse. Baba Mai-taswira na jin ƙarar nan fuskarsa ta sauya, ya ce kububuwa ce. Kin san abin da sunan nan yake nufi. Dattijo ya fara kwance bel ɗinsa zai ɗaure mini dantse, ni kuma ina neman reza a tsaga wurin. Auta ta hana mu duka biyun. Ta ce ba ɗauri, ba tsagawa, ba tsotsa. Ta zare mini zobe da agogo tun kafin hannu ya kumbura, ta ɗora hannun a kan sandar da na raina ta naɗe shi da mayafinta sako-sako don kada ya motsa. Da na fara gardama sai ta dube ni ta ce, “Kawu, yau ni ce babba. Taka a hankali zuwa mota.” Muryarki ce sak, har na ji tsoron da nake ji muna yara.

A hanyar asibiti na yi wasiyya kala-kala. Na yafe wa maƙwabcina na kasuwa da ke janye mini masu ciniki. Na kuma ba Auta saƙo gare ki, cewa madubin Inna da aka zane ki a kansa shekara talatin da suka wuce, ni na fasa shi, ba ke ba.

Likita ya tambayi irin macijin, Auta ta miƙa masa waya. Ya buɗa hoton da yatsu biyu ya daɗe yana dubawa. Ya nuna mana cewa kububuwa gajeriya ce, kanta da faɗi, wuyanta siriri. Wannan kuwa dogo ne, kansa ƙarami, kusan kai da wuya ɗaya. Ya ce ya fi kama da macijin nan mai haɗiye ƙwan tsuntsaye, wanda ko haƙoran kirki ba shi da su, sai kwaikwayon zane da ƙarar kububuwa don a ji tsoronsa. Wato ni da nake taƙamar sanin jabu, jabu ne ya kayar da ni. Amma ya ce ba ya sallamar mutum da hoto. Ya ɗebi jinina ya zuba a 'yar kwalba ya ajiye a kan tebur, ya ce in ya daskare cikin minti ashirin, da sauƙi, in ya tsaya ruwa, to dafi ya shiga. Ban taɓa kallon haja yadda na kalli kwalbar nan ba. Auta tana riƙe da ɗaya hannuna, nata ya fi nawa sanyi, sai a lokacin na gane ashe ita ma a tsorace take tun daga daji. Da lokaci ya cika ya karkata kwalbar, jini ya daskare, ya tsaya cak. Sai da suka riƙe ni har washegari, suka sake gwadawa, sannan suka sallame ni da 'yar filasta wadda ko yaro zai ji kunyar nunawa.

Bayan mako guda muka koma, da dogayen takalma da sanda a hannuna. Muka zungura tsagar da kyau kafin a taɓa komai. Macijin robar yana can ya faɗa bayan dutse, kore shar, rana ta cinye masa gefe ɗaya, irin wanda yake rataye a ƙofar shagona. Na rubuta sunana a takardar, a ƙasan na Auta.

Don haka ina roƙonki ki bar yarinyar nan ta ƙarasa karatunta. A dajin nan mutum ɗaya ne ya yi wauta, kuma ba ita ba ce. In akwai wanda ya kamata a haɗa wa kaya a mayar gaban manya, kin san shi.

Ki gaishe mini da maigida, da babban ɗanki da amaryarsa, da Goggo in kin leƙa ta. Maman yara tana gaishe ki, ta ce in gaya miki har yanzu dariya take yi mini. Auta ma tana gaisuwa, kuma ta ce ba za ta isar da saƙon madubi ba, sai dai in faɗa da kaina. To, ga shi na faɗa. Na so in janye maganar tunda ban mutu ba, amma akwai shaidu biyu. Ki yafe mini.

Naki har kullum,
Ƙaninki na kasuwa