Na Wanke Munduwar Nana

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata na tsakar rana, inuwar da nake gudowa in huta, Sa'adiyya tawa ni kaɗai.

Amincin Allah ya lulluɓe ki, ke da ɗan baƙon da ke kwance a cinyarki, wanda kunya ta hana mu kama sunansa. Yaya ruwan zafi? Yaya Inna da ɗawainiyar da take yi da ku? Ki miƙa mata gaisuwata cikin ladabi, amma don girman Allah kada ki miƙa mata wannan takarda. Da gangan na ƙi kiran ki. Wayarki kullum tana hannunta, kuma abin da zan faɗa miki, in na ji muryarki harshena ba zai iya ɗaukarsa ba.

Wata uku ke nan da aka zo aka tafi da ke gida haihuwa. Wayyo Sa'adiyya, gidan nan ya yi min faɗi! Geron bayan gida ya nuna, na yanke, na ɗaure, na jera dammuna har sun kusa kai tsayina, amma wa zan kira ya fito ya gani? Kazarki ta ƙyanƙyashe bakwai, kullum sai ta zo bakin ɗakinki ta leƙa, ni ma in leƙa, mu juya tare. Gwaggo Larai tana aiko min da tuwo, Allah ya saka mata da alheri, sai dai miyarta ba ta san hanyar maƙogwarona ba. Ke ce gishirin gidan nan, kuma kin tafi da abinki.

Kin tuna ranar da na fara zuwa zance wurinki, bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar gidanku? Kika miƙo hannunki na hagu kina nuna min munduwar azurfar da kakarki Nana, Allah ya ji ƙanta, ta bar miki. Kin daɗe kina ba ni labarinta. Ni kuwa me nake yi? Ina kallon jan lallen da ke yatsunki, ina kallon yadda hannun ya kwanta luf kamar sabon toho, ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga. Yau zan gaya miki gaskiya: ban bi zancenki ba ko kaɗan. Daga nan laifina ya samo asali.

Da ciki ya tsufa hannunki ya kumbura, ni na shafa miki sabulu muka zare ta da ƙyar, kina dariya kina cije leɓe. Kika ƙulle ta a tsumma, kika sa a ƙasan akwati, kika ce, "Malam, ka bar min ita a nan, kada ka taɓa." Na ce to.

Ran Juma'ar da ta wuce kewarki ta ci ƙarfina. Na buɗe akwatin don kawai in ji ƙamshin kayanki, sai ga ƙullin. Na kwance. Raɓar damina ta sa ta yi duhu, har raina ya sosu. Na ce ashe haka zan bar kayan gimbiyata? Bari in wanke mata, ranar da ta dawo ta tarar da ita tana walƙiya. Na matse lemon tsami uku, na zuba toka, na ƙara kanwa, na jiƙa ta. Na ɗauko buroshi na dirje. Baƙin da ya maƙale a cikin zanen adon jikinta ya ƙi fita, na sa tsinke na bi shi layi-layi na ƙwaƙule. Kai, na yi aiki! Ko noman farko ban taɓa yi masa irin wannan naci ba. Ta fito fes kamar sabuwar tasa, ina ta yaba wa kaina. Sai da na ɗaga ta a rana gabana ya faɗi. Zanen sawun zabon nan da ya zagaye ta, wanda kike bi da yatsa in kin yi shiru, ya ɓace. Fari a kan fari, sai an lalubo shi da farce.

Ranar kasuwa na garzaya wurin Malam Sha'aban, tsohon maƙerin azurfar nan mai rumfa kusa da masu goro. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya aike ka? Azurfa ai ba tukunyar tuwo ba ce. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu, tsumma mai laushi, a shafa samanta kawai, a tsane ta, a ajiye nesa da laima da turare, shi ke nan. Baƙin cikin zane kuwa ba datti ba ne. Gumin mai ita ne da hayaƙin murhunta, shekara da shekaru."

Yana rufe baki, muryarki ta gindin darbejiya ta dawo min tiryan-tiryan. Ashe kunnena ya adana abin da hankalina ya bari ya wuce. Cewa kika yi, "Wannan baƙin na Nana ne. Shekara hamsin tana daka tana girki da ita. In na yi kewarta, shi nake shafawa." Inna lillahi! Sa'adiyya, abin da ya rage miki na kakarki, ni na sa tsinke na ƙwaƙule shi, na zubar da ruwan a bayan ɗaki. Na ji kunya, na ji baƙin ciki, har yanzu da nake rubutun nan ban daina ji ba.

Da Malam Sha'aban ya ga yadda na koma, sai ya tausaya min. Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Akwai hayaƙin farar wuta, in na turara ta, kafin azahar baƙin ya koma gurbinsa. Wallahi ba za ta gane ba." Ba zan ɓoye miki ba, na miƙa masa ita, har ya karɓa. Sai na hango ki zaune a bakin murhu kina shafa ƙaryata da yatsanki kina kiran sunan Nana. Ni da wane ido zan dube ki? Na ce ya ba ni abata. Na tambaye shi ko da wata hanya. Ya yi dariya ya ce, "Hanya ɗaya ce, ta sa abarta. In tana daka tana girki, nan da shekara ashirin ya fara kamawa. Kai dai ka riƙa kawo abin dakawa."

To ga ta nan a ƙulle cikin sabon farin ƙyalle, ƙanwata Zakiyya za ta damƙa miki tare da takardar nan. Fara tas na aiko ta, yadda wautata ta bar ta. Ki yi fushi, ya hasken gidana, kina da gaskiya. Ki yi kuka in kukan ya zo, ki ce ban ji magana ba, don kuwa ban ji ba. Amma ina roƙon ki, ya ke ruwan farkon damina, kada ki jefa ta ƙasan akwati ki jefa ni tare da ita. Na Nana ba zan iya dawo miki da shi ba har abada. Abin da zan iya shi ne in noma miki gero kowace shekara, in faso miki itace, in zauna kusa da turminki, ashirin ɗin nan da wata ashirin, har sawun zabon ya sake fitowa. Wannan karon baƙin zai zama naki, hayaƙin gidanmu ne, wata rana jikarki ta bi shi da yatsa ta kira sunanki.

Saura kwana tara ki yi arba'in. Ranar da motar za ta sauke ku, zan tsaya a ƙofar gida, kuma kin san inda idona zai fara sauka. In na ga hannun hagu ba komai, zan ɗauki kayanki in shigar, in ci gaba da jira. In kuwa na ga fari yana ƙyalli a wuyan hannunki, to ki sake ba ni labarin Nana daga farko. Hannun zan kalla kamar ranar nan, amma wannan karon zan saurara.

Naki jiya, naki yau, naki har azurfar ta sake yin baƙi mu kuma kanmu ya yi fari,

Badaru