Sabulu a Cikin Na'ura

Litinin, 6 ga Oktoba

Na miƙa samfurori goma sha biyu da ƙarfe goma. Ni ce ta farko a layin na'ura, na riga Doguwa, abokiyar aikina a ɗakin gwaji.

A littafin nan dai zan iya faɗa. Da sabulu muke fasa ƙwayoyin ganye don furotin ya fito, amma sai an raba shi da sabulun kafin ya shiga na'urar awo, in ba haka ba ya liƙe a bututunta. Ƙa'ida ita ce a zuba sinadarin asiton mai sanyi, a bar shi awa biyu a firiza, a juya a inji, a wanke sau uku. Ni rabin awa na ba shi, wanki ɗaya. Da na girgiza kwalba ta bakwai na ga kumfa a samanta. Na gani da idona. Na rufe, na jera.

Baba Mai Na'ura ya tambaye ni ko na wanke sosai. Na ce masa shekara huɗu nake wannan aikin.

Talata, 7 ga Oktoba

Sakamakona shirme ne. Layuka jere kamar haƙoran mataji, tazara iri ɗaya, ko furotin guda ba a gani. Duk wanda ya san aikin ya san sawun sabulu ne.

Na Doguwa da suka bi bayan nawa ma haka. Wata biyar tana rainon alkamar nan a ɗakin gilashi, tana hana ta ruwa da awo, kuma ƙarshen wata za ta kare aikin digirinta a gaban malamai. Rabin ganyen da ta tara ya tafi. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan kujerar bakin taga tana cire safar hannu yatsa-yatsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An kashe na'ura. Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, ya tara mu, ya ce wa Baba a gaban kowa ai tsufa ne, bai wanke bututu ba bayan aikin makon jiya. Mutumin da saura wata uku ya ajiye aiki. Baba ya ce ya wanke, ya rubuta a littafi, sai Farfesa ya ce rubutu daban, yi daban.

Ina tsaye kusa da firiza. Na bar laifina a kansa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na je gida. Umma ta ce na rame, ko ni da Abban yara ne? Na ce aiki ne. Ta ce aikin da ake yi a zaune cikin sanyin fanka?

Da na dawo na tsawata wa 'yata Auta don ta ce ba ita ta fasa kofi ba. Har da cewa ba na son maƙaryaci a gidana. Ni.

Litinin, 13 ga Oktoba

Baba ya kwance bututu duka, ya jiƙa su, yana ta ɗauraya tun safe. Ƙananan kusoshin na ba shi wahala. Na ce in taya shi, ya ce a'a 'yata, je ki yi naki. Har ya miƙo mini rabin lemonsa.

Na kasa sha. Yana aljihun rigar aikina.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na faɗa wa Abban yara a mota. Ya tambaye ni me nake jira. Na ce kunya. Ya ce ai kunyar tana nan, wani ne dai yake ɗauke mini ita a kansa.

Haushinsa na ji har muka isa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Baba na fara samu. Ban ma gama faɗa masa laifina ba ya ɗaga hannu.

"Na sani tun ran Talata. Samfurin gwaji da na sa kafin naki tas ya fita."

Na ce to me ya hana shi faɗa?

"Ni na kusa tafiya. Ke kina da sauran zama da mutanen nan. Na ce bari in ga ko za ki zo da ƙafarki."

Gara ma ya zage ni.

Daga nan na wuce ofishin Farfesa, na faɗa masa gaskiya. Ya hana ni taɓa na'ura har wata biyu, ya ce kuma in maimaita a taron gobe, inda aka ci mutuncin Baba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na maimaita. Ban san me na ce ba, ƙafafuna dai nake kallo. Farfesa ya ba Baba haƙuri, a taƙaice.

Doguwa ta bi ni har bakin famfo. Ta ce ba ganyen ne ya fi yi mata ciwo ba, kwana goman da na yi ina gaishe ta ne.

Talata, 21 ga Oktoba

Sauran ganyenta muke yi tare. Ita ke riƙe agogo. Ba ta yi mini hira, amma yau ta ce miƙo asiton, ta haɗa da sunana.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na Doguwa sun fita lafiya, za ta kare a kan lokaci.

Farfesa ya sa na rubuta matakan cire sabulu, na manna a jikin ƙofar ɗakin na'ura. A ƙasa na ƙara layi ɗaya da ba a sa ni ba: an taɓa tsallake wannan, na'ura ta kwana tara a kashe.

Ɗazu wata likita daga sashen jini ta kawo samfurori, ta tsaya tana karantawa. Ta yi dariya ta ce wane gwani ne ya yi wannan aikin?

Na ce ni ce. Na karɓi kwalabenta, na tambaye ta sau nawa ta wanke.

Sai da ta fita na lura ban sunkuyar da kai ba.