Gefen Daman Yaya Gambo

Yakasai, Kano

Zuwa ga 'yata Sa'ida,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

An yi wa mahaifinki, Yaya Gambo, aikin hanjin, kuma likita ya gamsu da ɗinkin. Damuwarmu a wani wuri take. Tun kafin a shiga da shi tiyata aka gargaɗe mu cewa tsoho mai rama irinsa, in ya daɗe kwance a gefe guda, fatar wurin takan mutu ta zama gyambo, don haka dole a riƙa juya shi. To, ya ƙi. A damansa kaɗai yake kwanciya, fuskarsa na kallon alƙibla. Wai ba zai yarda ajali ya riske shi ya ba gabas baya ba, kuma a kabari ma haka za a kwantar da shi, gara ya saba. Ya faɗa yana dariya, ni ban yi ba.

Jiya nas Ikram ta nuna mini kwatangwalonsa. Wurin ya yi duhu, ya fara saɓulewa. Ta ce in ya zurfafa yana iya kaiwa ƙashi. Da na yi masa magana, sai ya tambaye ni yaushe ƙane ya fara yi wa wansa fatawa.

Ki sa shi a addu'a.

Baffanki,
Maharazu

Zuwa ga 'yata Sa'ida,

Ina sake gaishe ki, da fatan jikin autarki ya yi sauƙi.

An sami mafita, ko da yake ba cikakkiya ba. Mun mayar da matashin kansa ƙarshen gadon, ta yadda ko a hagunsa ya kwanta gabas yake kallo. Ya amince, kuma ana wanke gyambon kullum, sai dai bai kama hanyar warkewa ba tukuna.

Amma da sharaɗi ya amince. Ya riƙe hannuna ya sa na yi alkawari cewa da zarar na ga alamar tafiya, zan mayar da kansa inda yake a da, in kwantar da shi a damansa yana kallon gabas. Tun daga ranar, in yana hagu ba na iya matsawa ko nan da bakin famfo. In numfashinsa ya sauya na miƙe, in ya yi shiru na miƙe. Kuma ko lokacin ya zo, ban tabbata hannuwana za su iya juya shi ni kaɗai ba.

Ki nemi izinin maigidanki ki taho, mu riƙe alkawarin nan mu biyu.

Wassalam.

Baffanki,
Maharazu