Giyar da babu giya a cikinta

Assalamu alaikum mai shafi, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku karanta har ƙarshe. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatun nawa na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya.

Ni uwa ce, ina zaune a Makka, a unguwar Ka'akiyya. Aikin hajji ya kawo mu ni da maigidana, muka zauna, shi Allah ya yi masa rasuwa a nan. Ba ni da takardar zama, idan na fita ba zan dawo ba, shi ya sa rabona da ganin mahaifiyata, Inna, tun kafin in haifi ɗana Faisal, wanda yanzu har da gemunsa. Waya ce kawai tsakanina da ita. Kowace Juma'a ƙanena zai kai mata, mu gaisa, ta tambaye ni ko na ci abinci kamar wata yarinya, ta sa mini albarka. Duk wanda ya san ni zai gaya muku ba a jin muryata. Ko ciniki nake sai an ce in ɗaga murya.

Faisal ya samu aiki a Jidda, a wani gidan abinci da aka gina shi kamar mashayar Ingila. Da ya ɗan zauna da gindinsa sai ya ce, "Ummi, yalla, sai kin zo kin ga wurin aikina." Na je. Wurin duk katako ne mai duhu, ga wata doguwar kanta da famfuna a jere, ana murɗawa abin sha yana zubowa cikin manyan kofuna masu hannu, kumfa har tana malala. Samari na jifan wani allo da ƙananan kibiyoyi suna ihu. Aka kawo mini kifi soyayye cikin fulawa da dankalin Turawa, da wani koren wake an dama shi kamar fate, ko gishirin kirki babu. Na zaro ƙullin yajina daga jaka, Faisal ya rufe fuska yana cewa, "Ummi, za ki sa a kore ni!" Sai ya ajiye mini kofin bira. Ku da kuke gida, bira a nan ruwan sha'ir ne kawai, babu abin maye a ciki, a kowane kantin unguwa ana sayarwa, har a gefen Harami, yara ma suna sha. Na kurɓa, kumfa ta zauna mini a leɓe, muka yi ta dariya, ya ɗauke ni hoto ya ɗora a wayarsa kowa ya gani. Wallahi tun rasuwar babansa ban yi dariya irin ta ranar ba.

Akwai maƙwabciyata, zan kira ta Yaya Talatu. Garinmu ɗaya, ta girme ni, ta riga ni zuwa Makka. Tare muke zuwa Harami, ranar da ta kwanta ciwo ni na yi mata wanka da wanki. Ta taɓa so Faisal ya auri 'yarta, ya ce shi ƙanwa ya ɗauke ta, ni kuma na ɗauka maganar ta wuce. Ita ce ta ɗauki hoton nan ta tura zauren matan garinmu na waya, ta bi shi da murya har da kuka: "Innalillahi, ku taya mu addu'a, 'yar Inna ta fara shan biya a ƙasa mai tsarki, ɗanta ne yake zuba mata."

Juma'a ta zo na kira. Ƙanena ya ɗauka yana in'ina, sai na jiyo Inna daga nesa, a hankali take magana: "Ka ce mata 'yar da na haifa ba ta shan giya. Wannan ban san ta ba." Na yi bayani, Faisal ya yi bayani da Hausarsa da ta karkace, ƙanena ya kai mata. Ta ce, "Giyar da babu giya a cikinta? Don na tsufa za a mayar da ni yarinya?" Wa zai ga laifinta? Ta ga kumfa a hoton, ta ga doguwar kantar nan, ta ji daga bakin matar da take zaune a Makka tun kafin ni. Tun daga ranar ban sake jin muryarta ba. Kun san mene ne uwa ta rufe miki baki alhali teku ne tsakaninku, ba ki da ƙafar zuwa ki durƙusa a gabanta? Tsohuwa ce fa. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara da lambar gida sai in ɗauka rasuwarta za a sanar da ni.

Na samu Yaya Talatu a ɗakinta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ummu Faisal, wallahi ban sani ba, tsoro na ji miki. Ni ina na san waɗannan abubuwan na 'yan zamani?" Na ce to Yaya, ki sake tura murya ki gyara. Ta ce gobe. Goben ta zo ta ce mura ta dushe mata murya. Daga baya ta ce ai tayar da maganar zai ƙara yaɗa ta, in bari ta mutu da kanta. Ni kuwa kullum ina ba ta uzuri, ina cewa ƙila da gaske ba ta sani ba.

Ga laifina. Wata rana bayan la'asar, a harabar Harami, na kama hannunta na ce, "Yaya, na yafe miki." Ƙarya nake. A wannan wurin na yi ƙaryar, ina kallon hasumiya, kuma bakina bai yi rawa ba. Na ci gaba da kai mata tuwo, ina yi mata kitso, har sai da ta saki jiki. Sannan na ce ta zo mu je Jidda ta ga wurin da idonta, hankalinta ya kwanta. Faisal ya yi murna, ya ɗauka sulhu ne, shi ya biya mana mota daga tashar Kudai. Yaron nan bai san da shi na haɗa tarkon ba, har yanzu bai sani ba.

Muka zauna, aka kawo kifin, ta ce, "Turawa dai ba su iya miya ba, miƙo yajin nan." Na miƙa mata, na jingina wayata a jikin jaka tana ɗaukar bidiyo. Niyyata hoto ɗaya, ita da kofi da kumfa, yadda aka yi mini. Na zaci sai na lallashe ta kafin ta taɓa. Ina! Kofin na sauka ta ɗaga ta sha kusan rabi, ta goge baki ta ce, "Kai, wannan ta fi ta kantin unguwa daɗi. Ni fa ba ta yankewa a firjina, tun da na yi ciwon tsakuwar ƙoda aka ce in riƙa sha."

Na ce, "Ashe kin san ta, Yaya?"

Ta ce, "Wa bai san bira ba a Makka?"

Sai ta tsaya. Ta dube ni, na dube ta. Ta ɗauki dankali ta ce, "Ke dai ci kifinki kar ya huce."

Ciwon ƙodar nan ni na yi jinyarsa. Ni na riƙe mata kwano tana amai. Ashe tun lokacin tana sha, ta san babu komai a ciki, ta zauna ta matse hawaye ta raba ni da uwata. Murmushi na yi mata, wallahi, har na ce Faisal ya ƙaro mata kofi.

Yanzu abu biyu ne a wayata. Akwai bidiyon gaba ɗaya, da muryarta tana faɗa da bakinta. Idan na tura shi gida Inna za ta ji, ina sa ran za ta karɓi wayata. Yaya Talatu kuma za ta ji kunya, ta yi kukan nan nata, ta ce sharrin shaiɗan ne, mata su ce a yi haƙuri, ni ce ma za a ba wa baki tunda an san ni da haƙuri. Shi ke nan ta tsira? Akwai kuma hoton da na yanko daga ciki, ita kaɗai, ido a lumshe, kumfa a leɓe. An sa ranar 'yarta da wani ɗan gidan limamin garinmu. Idan hoton nan ya shiga gidan ba tare da murya ba, na san abin da zai faru, don an yi a kaina na gani. Amma ranar da na tura shi a matsayin giya, na sa hannu ke nan cewa abin da na sha ni ma giya ne. Babu sauran bayanin da Inna za ta saurara.

Na san wanne ne daidai, ba sai kun gaya mini ba. Na san yarinyar ba ta yi mini komai ba, a bayana ta yi barci tana jaririya. Amma ba zan ɓoye muku ba, idan na buɗe wayar ba bidiyon nake kallo ba, hoton nake kallo, kuma daɗi nake ji. Ina so Yaya Talatu ta kira gida a ƙi ɗauka. Ina so ta tsaya da waya a kunne tana jin ana cewa ba a san ta ba. Ni da ban taɓa zagin kowa ba, yau ga abin da nake roƙo a raina ina idar da sallah. Jiya ta aiko mini da ankon bikin, ta ce ni ce uwar amarya. Na karɓa na ce Allah ya sa alheri.

Juma'a na ƙaratowa, Inna ba ƙaramar yarinya ba ce, bikin ma ya kusa, kuma yatsana ya fi karkata inda bai kamata ba. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan wutar a ƙirjinsa ya gaya mini yadda ya yi da ita. Don Allah, me zan yi?