An Yanka Ɗan'uwan Tisoy

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba, ya su Nonoy? Ni lafiya lau nake a gonar Batangas, barci ne kawai ya ƙi zuwa.

Inna, jiya aka yanka ɗan'uwan aladen nan da na yi rainonsa, wato Tisoy, aka tarar ba kitse cikin tsokarsa. Shi ke nan Kawu Isko, mai kula da mu, ya ce ba za a ajiye su don iri ba, duk zuriyarsu sai mahauta. Na ce zan ƙara wa Tisoy dusa. Ya yi dariya: "Yarinya, kitsen cikin nama gado ne. Dusarki a bayansa za ta taru."

Ran Asabar motar mahauta za ta zo, kuma ni zan shigar da Tisoy, don muryata kaɗai yake bi.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Luningning