Gem ɗin Inna Ya Ƙi Kebbe

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

Alhamdu lillahi, Inna ta iso. Don ɗoki, layin nan duk ya karkace. Da malaminmu na ajin yamma yana raye ya gan shi, sai ya sa na sake.

Shekararta goma, kuma sau biyu kacal na taɓa ganinta: ran sunanta a Fatakwal, sai wata ta'aziyya da suka zo suka kwana ɗaya. Sunan mahaifiyata ɗana Sirajo ya sa mata, bakina ba ya iya kiran sunan, shi ya sa nake ce mata Inna. Tana saukowa daga mota na ce, "Inna, haka ake yi? Ki bar ɗanki da yunwa shekara da shekaru?" Sai da ubanta ya fassara mata. Ta yi dariya, sai ga wushirya irin ta tsohuwa sak. Na juya baya kamar ina duba kaya.

Ga yadda aka shirya. Sirajo yana da aikin kwana takwas a Sakkwato, ran Lahadi ta sama zai biyo. In ta saba da mu, ya bar mana ita har ƙarshen hutu, wata guda cur. In ba ta saba ba, ya wuce da ita. Sharaɗin uwarta Kamila ne, ban ga laifinta ba.

Ta zo da akwatin gem ɗinta. Ni kuwa tun makon jiya na sa aka ƙara faifan sola, aka kafa talabijin a ɗakin tsakiya. Matata Sauda ta ce ko ran da aka kawo ta gidan nan ban yi wannan rawar kai ba.

Wata guda, in Allah ya so.

Lahadi, 3 ga Agusta

Gem ya ƙi.

Wuta ta kama, hoto ya fito tar, sai wani rubutu ya tsaya a tsakiya kamar ɗan sanda a shinge. Inna ta ce wai sai ya sabunta kansa, kuma ba ya sabuntuwa sai da netwok. Muka haɗa shi da wayata. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa tun hantsi har azahar, sannan ya ce a sake.

Na ce mata ta ciro kaset ɗin in busa. Ta ce ba shi da kaset. Na juya akwatin gaba da baya, ko ramin da za a sa ma babu. To wasannin ina suke? Wai suna can. Can ina? Ta ɗaga hannu sama.

Na kwafe rubutun harafi bayan harafi a bayan littafin nan, tunda Turancina bai wuce na sunan magani ba. Gobe Tambuwal.

Litinin, 4 ga Agusta

Na naɗe shi cikin zanen Sauda guda biyu, na sa a leda saboda hadari, na rungume shi a bayan Ɗangiwa ɗan kabu-kabu. Duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga shi sama. Ɗangiwa ya ce, "Baba, wanga kaya mi na ciki, ƙwai?" Na ce abin da ya fi ƙwai. A wani wuri ruwa ya cinye hanya, na sauka na tuɓe takalma na ratsa da shi a ka.

Ɗanmaliki mai shagon gem a bayan tasha bai ma karanta takardar da na sha wuyar kwafewa ba. Kallo ɗaya ya yi mata. "Baba, wanga ba a busa mai. Netwok shika so." Ya jona shi, ya ce sai na yi haƙurin awa fuɗu.

Sai na fita na zaga. Na biya ta tsohon shagon da na yi ɗinki shekara goma sha bakwai kafin mu komo Kebbe, yanzu katin waya ake sayarwa a ciki. Na leƙa firamaren da muke shiga bayan la'asar, mu manya da gemu a kan bencin yara, gwiwa na bugun tebur. Ina da shekara arba'in na fara rubuta sunana. Cikin shekarar nan ne na je Sakkwato sayen yadi na dawo wa Sirajo da nasa gem ɗin, mai kaset ruwan ƙwai. Ka danna kaset, ka kunna, shi ke nan. In ya yi gardama ka ciro ka busa masa iska sau biyu. Bai san wani gari ba, bai nemi izinin kowa ba. Yaran unguwa har ta taga suke leƙe. Wancan zamani ya yi daɗi.

Na koma na tarar ya gama. Ɗanmaliki ya ce wasu wasannin za su yi a Kebbe, wasu kuwa sai in na ɗauko gidan na kawo Tambuwal. Na ɗauka raha ce.

Mun iso kafin magariba. Bayana kamar an yi sussuka a kansa.

Talata, 5 ga Agusta

Ya buɗe! Na yi kabbara har kaji suka watse. Inna ta yi tseren mota kamar minti goma, ta ajiye hannun gem ɗin.

Ashe ba shi take so ba. Akwai wani wasan da suke gina gida ita da ƙawarta Rauda, ita tana ɗakinsu, Rauda tana nasu gidan a Fatakwal, suna gini suna hira. Sun kai rufi ta taho. Wannan kuwa ko ƙofarsa ba ta buɗuwa sai netwok na tsaye daram.

Abin da ya ɗaure mini kai: ubanta ya saya, nata ne, ga shi a ɗakina, ga wuta, ga hannunta. Amma sai wani da ban sani ba a wata ƙasa ya ce bismilla. In ka sayi jaki, kullum safiya sai ka koma wurin mai shi ya yarje maka ka hau?

Kamila ta kira da la'asar. Na ce mata lafiya lau, tana ta wasa.

Laraba, 6 ga Agusta

Ruwa tun safe, ko kira ba ya shiga. Loma uku Inna ta yi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Yau na yi nasara, bari in rubuta da kyau.

Na sauko da tsohon akwatin ƙarfe daga kan sif. Can ƙasa, ƙarƙashin takardar shaidata ta ajin yamma da almakashina na ɗinki, ga gem ɗin Sirajo a kwalinsa. Inna ce ta gano ramukan da wayoyinsa ke shiga a bayan talabijin. Farko layuka kawai ya nuna. Na ciro kaset, na busa, na mayar. Sai ga kiɗan nan, tin-tin-tin. Shekara ashirin da bakwai!

Na ce, "Inna, kin ga kayan mutanen da? Ina netwok a nan?"

Ta ce, "Kaka, sake busawa in gani." Na sake. Ta kwanta ƙasa don dariya.

Muka yi wasan tankoki, ni da hannu ɗaya ita da ɗaya. Ta harbe ni sau shida. Ta ce ban iya ba. Na ce ɗa ba ya harbin uwarsa. Sauda tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

Bayan rabin awa Inna ta ce, "Yana da kyau, Kaka," ta tashi. Irin yadda baƙo ke yabon tuwo. Amma dai ta yi dariya yau, ni shaida ne.

Juma'a, 8 ga Agusta

Bayan na dawo masallaci ina goge kwalin, ina cewa dubi ƙarko, ko ƙwarzane babu. Sai Sauda ta ce, "Malam, ka san mi yas sa bai tsufa ba?"

Na ce ingancin kayan da.

Ta ce, "Sati ukku yaron ga yay yi da shi. Kai kak kulle shi."

Na ce ba haka aka yi ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

Haka aka yi. Na aike shi kai ɗinkin wani alhaji, ya tsaya ya ƙarasa wasa, mutumin ya zo shago ya faɗa mini magana a gaban jama'a. Na dawo na naɗe wayoyin, na ce sai hutu. Hutu ya zo ban buɗe ba, ina jira ya roƙa. Shi kuma bai roƙa ba. Daga nan makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan Fatakwal. Yaran da na ce suna leƙe ta taga, sati ukun nan ne kawai.

Kuma jiya ne farkon ranar da na taɓa riƙe hannun gem ɗin nan. Ina ta ba kaina labarin mun yi wasa da Sirajo. Ba mu taɓa ba. Ni dai busa kaset nake yi in koma kan keke.

Ban san yaushe na gyara labarin ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Da hantsi na same ta a bayan rumbu, ta kife turmi ta hau, ta ɗaga wayata sama iya tsawon hannunta. Wai jiya a nan ta ga sanda biyu na netwok. Na riƙe mata turmin. Muna nan har hannunta ya gaji, saƙo ɗaya ya shigo daga Rauda: ta gama rufin, tana jiran ta su zaɓi launin ƙofa.

Da ta sauko ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Kaka, in na ce ina so in tafi, za ka yi fushi?" Kafin in amsa ta ce, "In za ka yi fushi, ba zan ce ba."

Na ce mata mu je ki ga ɗan maraƙin da aka haifa.

Ba za ta faɗa wa ubanta ba, na gani a idonta. In na yi shiru gobe, tawa ce har ƙarshen wata. Ba wanda zai ce na yi ƙarya. Wata ƙila ma nan da sati ta saba, yara suna sabawa. Sirajo ma ai ya saba.

Wannan layin na ƙarshe ban ji daɗin rubuta shi ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Sirajo ya iso da azahar. Bayan ya ci abinci ya tambaye ta, ta ce lafiya lau, tana kallon ƙasa. Ya dube ni.

Na ce, "Tafi da ita. Tana da gini can bai ƙare ba."

Ya ce, "Baba, kun tabbata?" Na ce ruwa ya ɓata hanya, gara su kama tafiya da rana.

Da ya shiga ɗakin tsakiya kwance nata gem ɗin, sai ya ga nasa a kan tabarma. Ya daɗe a tsaye. Ya ɗauki kaset ɗin ya juya shi. "Ashe yana nan." Na ce yana nan. Ya ce, "Kun ce sai hutu." Da murmushi ya faɗa, furfura biyu a gemunsa. Na ce, "To ai hutu ake." Iyakar abin da ya fito ke nan, alhali na shirya magana mai tsawo.

Ni da kaina na sa kwalin tsohon gem ɗin a but ɗin mota, gefen buhun shinkafa da man shanun Sauda. Ya gani. Ya ciro shi ya kai kujerar gaba.

Inna ta rungume ni, ta ce wani abu game da Tambuwal da shagon Ɗanmaliki, ban kama duka ba, kunnena ya toshe. Kwana takwas. Alhamdu lillahi a kan takwas ɗin.

Talata, 12 ga Agusta

Sun sauka lafiya. Sauda ta mayar da turmi wurinsa.

Litinin, 18 ga Agusta

Na je Tambuwal sayen taki, shinkafar fadama tana son na biyu. Tunda na riga na je, na leƙa in gaida Ɗanmaliki. Ashe Inna ta sa ubanta ya kira shi har sau biyu. Ya tashi wani saurayi daga kujera, ya zaunar da ni, ya ɗora mini abin kunne a kan hula. Samari suka zagaye ni suna "Baba zai buga!"

Sai na ji muryar Inna. Kamar tana bayan kunnena.

Gidan da suka gina a cikin gem ɗin hawa biyu ne, ƙofarsa koriya. Rauda ta gaishe ni da "Ina wuni, Kaka," an koya mata. Suka ce wani ɗan mutum mai kai kamar bulo ni ne. Sun yi mini ɗaki a ƙasa, wai saboda gwiwa. Na fi minti ashirin ina bugun bango, Inna tana ihu, "Hagu, Kaka! Ɗaya hagun!" Ɗanmaliki ya miƙo hannu zai shigar da ni, na buge hannun. Da na kusa ƙofa netwok ya ɗauke, komai ya tsaya cak, zoben nan ya fito. Ban tashi ba. Ya dawo, na shiga. Akwai gado, da taga, da saniya a tsakar ɗakin, ban tambayi dalili ba.

Ina nan kan bakana: abin da ba ya aiki sai da izinin wani gari, ba naka ba ne. Na faɗa wa Ɗanmaliki haka a gaban kowa. Ya ce, "Gaskiya na, Baba. Ran Littinin ƙarfe nawa za a aje maka kujera?"

Na ce ban ce zan dawo ba. Sai dai mai takin ya rufe shago kafin in fito, kuma shinkafa ba ta jira.